Wayar da ta haɗiye radiyo ta tofar da «wai»

A zamanmu na ƙarshe kafin a haɗa wannan ɗan littafi, kusan duk wanda ya tashi magana a kan wayar salula yabo ya yi. An ce radiyo da talabijin da jarida da kaset da wasiƙa duk sun taru cikin abu guda da ke shiga aljihu, kuma talaka ya samu bakin magana. Ban musa ba. Sai dai ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, aikinmu bin diddigin ƙananan kalmomin da mutane ba su damu da su ba, kuma akwai wata ƴar kalma mai harafi uku da na lura tana ɓacewa a cikin wannan haɗuwa. Kalmar ita ce «wai». A ganina rashinta ba ƙaramar asara ba ce, don haka ku yi haƙuri, zan ɗan rage muku daɗin biki.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. A hutun bara na taso daga Yamai zan tafi Maraɗi. Bis ɗinmu ya tashi da asuba, kuma kun san tafiyar: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, fiye da kilomita 600, yini guda cur. Wayata ta mutu tun kafin mu kai Doso, don a daren kuran bai zauna ba, ban samu na yi caji ba. Da hantsi sai wani saƙon murya, irin wanda muke ce wa vokal, ya faɗo cikin gurup ɗin danginmu na WhatsApp. Muryar namiji ce, yana haki, ana jin iska da kukan mata a bayansa. Yana cewa: «Yanzu-yanzun nan, tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, bis ɗin da ya taso daga Yamai ya yi karo da babbar mota. Ga ni tsaye a wurin, da idona nake gani. Duk mai ɗan'uwa a ciki sai haƙuri.» Ƙanwata ta kunna wa Inna. Aka kira ni, waya a kashe. Aka sake kira, a kashe.

Da na iso gida bayan la'asar, na tarar da tsakar gida cike da matan unguwa. Inna, wadda ba ta taɓa kama sunana ba saboda ni ne ɗan fari, ranar sai da ta kira shi a gaban kowa. Ta riƙe hannuna ta kasa cewa komai. Mai hawan jini ce, kwana uku ta yi a kwance. Daga baya wani ɗan baffana ya duba wayarsa ya gano wannan vokal ɗin ya taɓa shigo masa ta wani gurup kusan shekara biyu da suka wuce. Hatsarin ya auku da gaske, amma tun tuni an yi wa mamatan addu'ar arba'in an watse.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a duk wannan labari babu wanda ya yi ƙarya. Mutumin da ya ɗauki muryar gaskiya ya faɗa. Wanda ya turo mana ita da kyakkyawar niyya ya turo. Ƙanwata ma ba ta ƙara ko harafi ɗaya ba. To ina ƙaryar ta fito?

Aikin da «wai» take yi

Mu koma zamanin da labari ke tafiya daga baki zuwa baki. Wanda ya ga hatsari zai ce: «Na ga mota ta kife.» Wanda ya ji daga bakinsa ba zai iya maimaita wannan jimla yadda take ba. Dole ya ce: «Wane ya ce mota ta kife.» Na uku ya ce: «An ce mota ta kife.» Kafin labari ya kai mutum na biyar ya zama: «Wai mota ta kife a hanyar Ƙonni.» Kowane baki da labarin ya ratsa yana rage masa nauyi, kuma harshen da kansa ne yake tilasta hakan. Bahaushe yana da kayan aiki iri-iri na nuna inda ya samo magana da yawan yardar da ya yi da ita: «in ji wane», «an ce», «na ji ana cewa», «da alama», «wataƙila», sannan «wai», wadda ta fi su duka wanke hannu. In mutum ya ce maka «wai», ya gaya maka abu biyu a lokaci guda: ga labari, amma ba ni na gani ba, kada ka rataya mini. Ko kalmar jita-jita in ka saurare ta da kyau za ka ji «ji» a cikinta. Kuma kakanninmu sun riga sun yanke hukunci, suka ce gani ya kori ji.

Yanzu dubi abin da maɓallin turawa yake yi. Vokal ya ratsa waya ɗari, amma mutum na ɗari yana jin muryar mutum na farko, da hakinsa, da rantsuwarsa, da «ga ni tsaye a wurin». Babu wanda ya sa masa «wai» a hanya, don babu wanda ya buɗe baki. Yatsa kawai aka danna. Labarin da ya kamata ya iso wa Inna a matsayin ji, sai ya iso mata sanye da rigar gani. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to haka labari ma a bakin mai shi ya fi shiga rai, ko da mai shi ɗin ba ka san shi ba, ba ka san garinsu ba, ba ka kuma san ko yana raye ba.

Akwai abu na biyu, shi ma na nahawu ne. A kowane harshe akwai kalmomin da ba su da ma'ana tsayayya sai ka san mai magana da wurin da yake da lokacin da yake magana. Bari in kira su kalmomin nuni: «ni», «nan», «yau», «jiya», «yanzu». In na ce «yau» ranar Talata, Talata nake nufi. In ka maimaita maganata ranar Alhamis, harshe zai sa ka ce «shekaranjiya». Na'ura ba ta yin wannan gyara. «Yanzu-yanzun nan» ɗin mutumin hanyar Ƙonni ya daskare a cikin waya, duk ranar da aka kunna shi sabo yake fitowa. Ƙaryar da ta kwantar da mahaifiyata daga nan ta fito: magana ce ta gaskiya da aka raba da lokacinta.

Kowace kafa da ƙofarta

Masu yabon haɗuwar kafofin watsa labarai suna mantawa da cewa kowace kafa a da tana da ƙofar da magana ke shigowa ta cikinta, kuma ƙofar ce ke gaya maka yadda za ka karɓi maganar. Mai shela in ya buga ganga, farkon abin da zai ce shi ne sarki ya gaishe ku, ka san daga fada saƙon yake. Kaka in ta ce ga ta nan ga ta nanku, yaro ɗan shekara biyar ma ya san gizo ba zai zo gidansu ba. Ƴan ci-rani da ke Abijan ko Legas ko Libiya, zamanin da ake aiko kaset a madadin wasiƙa, da sallama suke farawa, su faɗi suna da sunan uba da garin da suke, sau da yawa har da watan da ake ciki, kuma wanda ya kawo kaset ɗin a jakarsa sananne ne, ana iya tambayarsa ko ya baro su lafiya.

Radiyo ma haka ta zo mana. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan radiyon ƙasarmu a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel. Bayan taron ƙasa na 1991 aka samu gidaje masu zaman kansu irin su Anfani da Tenere, sannan daga 1999 radiyoyin karkara suka fara bazuwa. Ba na cewa radiyo ba ta ƙarya. Iyayenmu sun san zamanin da radiyon gwamnati ba ta faɗin komai sai abin da mai mulki ke son ji. Amma ko a lokacin, mai saurare ya san muryar wa yake ji. Ya san tasha, ya san ƙarfe nawa ne, ya san wannan labarai ne, wancan wasan kwaikwayo ne, na gaba kuma talla ce. In ɗan jarida ya ce «in ji wakilinmu a Damagaram», ya ɗaura wa maganar igiya, in ta ɓaci akwai wanda za a ja. Tsoho mai radiyo a kafaɗa yakan saurari tasha biyu ko uku da safe ya auna, ya ce waɗannan sun ce mutum goma, waɗancan sun ce ashirin. Wannan ma karatu ne, ko da bai taɓa shiga lakwal ba.

Wayar salula ta rushe ƙofofin nan duka ta bar taga ɗaya. Rahoton ɗan jarida, wa'azin malami, barkwancin ɗan TikTok, tallar mai maganin basir, gaisuwar gwaggo da farfagandar ɗan siyasa, duk da kama ɗaya suke shigowa: ɗan layi da alamar kunnawa. Ana yanko minti ɗaya daga shirin radiyo na rabin awa, a jefar da gabatarwar da ta ce wane ne ke magana da dalilin maganar, a tura gutsuren. Ana ɗauko wani yanki na fim a ce abin da ya faru ne a kasuwar wani gari. Ana manna tambarin babbar kafa a jikin hoto a rubuta abin da aka ga dama. Yanzu har na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba.

Kuma ruwan yana gudu ta fuska biyu. Gidajen radiyo da kansu sun shiga waya: suna watsa shiri kai tsaye a Facebook, suna karɓar saƙonnin masu saurare ta WhatsApp suna sakawa a iska. Wannan yana da kyau in an tace. Amma in mai gabatarwa ya ɗauko abin da ke yawo a gurup ya karanta ba bincike, jita-jita ta yi wanka ta sa sabbin kaya. Gobe wani zai ɗauki muryar mai gabatarwar ya mayar da ita WhatsApp, a ce ai har a radiyo an faɗa. Magana ta zaga ta dawo inda ta fito, kowane zagaye tana ƙara ƙiba.

Abin da za a ce mini

Na san abin da wasunku za su ce: kai ɗan boko ne, kana kishi don waɗanda ba su iya karatu ba sun samu hanyar da ba ta bi ta kanka ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan kauce mata ba. Mafi yawan iyayenmu mata ba su karanta boko. Shekara da shekaru duk wata fasahar sadarwa da ta zo, sai mai biro ya tsaya a tsakani: a nemi yaro ya rubuta wasiƙa, a nemi wani ya karanta amsa, asirin gida ya bi ta hannun baƙo. Da WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013, ya cire wannan ɗan tsakiya. Yau Inna tana magana da ƙaninta da ke Agadas ba tare da ni ba, da Hausarta ta Katsinar Maraɗi, ba wanda zai gyara mata. Tun kafin haka ma, wata mai binciken tattalin arziki, Jenny Aker, ta nuna cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa na iya jin farashin wani gari kafin ya ɗora buhu a mota. Wanda ya ce a koma baya bai san wahalar da aka baro ba.

Amma ku lura da misalin ɗan kasuwar nan. Wayar ta yi masa amfani ne don ya san wanda yake kira, ya san kasuwar da yake, ya san yau ne. Suna, wuri, lokaci. Abubuwan nan uku su ne vokal mai yawo ba ya ɗauke da su. Ashe matsalar ba ta murya ba ce, kuma ba ta rashin boko ba ce. Mu da muke jami'a, wa zai rantse bai taɓa tura abin da bai tabbatar ba? Gurup ɗin ajinmu kaɗai ya isa shaida. Sau nawa aka ce an ɗage jarrabawa ko kuɗin bursi sun fito, muka kwasa a guje, alhali takardar ta bara ce?

Maganin da aka kawo

Kamfanin WhatsApp ya san da wannan ciwo. Bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe mutane a Indiya, a 2018 ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya yi yawo da yawa ya koma wuri ɗaya-ɗaya. Wato kamfanin ya yi ƙoƙarin ƙera tasa «wai» ɗin. To amma ku duba yadda take a wayoyinmu: ɗan ƙaramin rubutu ne mai launin toka, da Faransanci, «Transféré», a saman saƙo. Wanda aka yi vokal dominsa, wato wanda ba ya karatu, shi ne ba zai ga gargaɗin ba. Saƙo yana shiga ta kunne da Hausa, gargaɗi yana tsaye a bakin ido da harshen da mai wayar bai sani ba. Wanda ya tsara wannan bai taɓa zama a tsakar gida irin tamu ba.

Hukuma kuma nata maganin sanda ne. Akwai dokar 2019 ta laifukan intanet, wadda ta tanadi hukunci a kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. An kuma ga yadda aka rufe intanet na salula kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a 2021. Wanda ya ƙirƙiri ƙarya da gangan don a ƙone gidan wani, ba ni da ta cewa in an kama shi. Amma a labarin gidanmu wa za a kama? Mai hakin da ya faɗi gaskiya, ko ƙanwata? Kuma doka mai faɗin baki irin wannan, yau ta kama maƙaryaci, gobe ta kama wanda ya faɗi gaskiyar da ba a so. Rufe rezo kuwa, a nawa ganin, yana ƙara wa mutane yarda cewa akwai abin da ake ɓoyewa, kuma ranar da aka buɗe duk abin da ya faɗo za a haɗiye.

Mu mayar da ita da bakinmu

Tunda na'ura ta cire «wai», ba mai mayar da ita sai mu. Shawarata ƙarama ce, ba ta bukatar ko dala. Na farko, duk wanda zai ɗauki vokal na labari, ya fara kamar yadda masu kaset suke farawa: ni ne wane, ina wuri kaza, yau ranar kaza ga watan kaza, shekara kaza. Daƙiƙa biyar ke nan. Da mutumin hanyar Ƙonni ya yi haka, da Inna ba ta kwanta ba. Na biyu, in za ka tura abin da ba kai ka ɗauka ba, ka fara ɗaukar taka muryar ka ce: wannan turo mini aka yi, ban san mai maganar ba, ban san ranar ba. In ka ji nauyin faɗin haka, to alama ce bai kamata ka tura ba. Na uku, in abu ya shigo wa tsofaffinmu, kada mu tsaya ga kunna musu. Mu yi tambayar da su da kansu suke yi wa yaro in ya shigo da labari daga waje: wa ya gaya maka?

Masu aiki a radiyoyin karkara da na birni, da ƴan'uwanmu masu karatun jarida, su ma da nasu. Duk gutsuren da za su saki a intanet, sunan tasha da kwanan wata su kasance cikin muryar, a farko da tsakiya, yadda almakashi ba zai raba su da sauƙi ba. Mu kuma ƴan sashen harsuna, tunda a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata mu wuce murna mu tambayi abin da hakan zai canza a cikin wayar da ke hannun iyayenmu. Me zai hana gargaɗin turawa ya zama murya, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a ji shi kafin saƙo ya fara? Ba mu ke da kamfanin ba, na sani. Amma wanda bai nema ba ba a ba shi.

Na gwada shawara ta biyu a gurup ɗin danginmu. Da farko dariya aka yi mini, wani yayana ya ce: «Kai dai malam, komai sai ka sa masa nahawu.» Amma kwanan baya wani vokal ya shigo a kan wai an hana shiga da wasu kaya ta iyakar Ɗan Isa, sai na ji Inna ta aiko nata a ƙasa, tana cewa: «To, wannan mai magana ɗan wane gari ne, kuma yaushe ya faɗa?» Shiru, ba wanda ya sani. Maganar ta mutu a nan.

An ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A da in ta fita takan tsufa a hanya, ta gaji, ta mutu. Yanzu ba ta tsufa. Shi ya sa nake roƙonku, kafin yatsa ya taɓa maɓallin nan, ku tuna akwai wata uwa a ƙarshen layi da za ta ji abin kamar yanzu yake faruwa. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ina jiran amsarsa a fitowa ta gaba, amma ya sa sunansa da kwanan wata.